Kwamitin unguwa ya watse sau biyu, ruwa kuma yana cin gidaje: daga ina za a sake farawa?

Tambayar ta fito daga wani mazaunin Yamai, ga ta a taƙaice. Duk damina ruwa yana kwanciya a unguwarsu, shara ta cika kanibo, wato magudanar ruwa ta gefen hanya, sun kafa kwamitin tsabta har sau biyu: na farko ya watse a kan rigimar kuɗi, na biyu ya mutu don mutane sun daina zuwa taro. Yana so ya san yadda ake haɗa kan jama'ar unguwa aikin ya ɗore, da yadda za a yi ma'aikatar magajin gari ta saurare su.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Wanda ya tara mutane sau biyu kuma yake neman hanyar ta uku, ya cancanci a ba shi amsa dalla-dalla.

A ganina kun ɗauko abin da ya fi ƙarfin kowane kwamiti, wato unguwa sukutum. Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2012, kuma unguwa irin Talaje ko Bukoki ko Banifandu gari ce guda, mutanen wannan gefe ba su san na wancan ba. Wanda bai san ka ba ba zai ba ka kuɗinsa kowane wata ba, kuma ba zai ji kunyarka ba idan ya zubar da shara da dare. Inda aikin gayya yake kamawa a birni shi ne layi ɗaya, gida 20 zuwa 40, inda kowa ya san ƙofar kowa. A Orangi, wata babbar unguwar talakawa ta birnin Karachi a Pakistan, aikin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 ya tsaya a kan wannan ne: mutanen layi su zaɓi nasu jagora, su tara nasu kuɗi, su gina ƙaramar magudanar layinsu, hukuma kuma ta ɗauki babbar magudanar da ke kwashe na kowa. Rabon aikin nan shi ne ya kamata ku ɗauka. Na cikin gida da na layi naku ne, na babban titi da wurin zubar da shara na hukuma ne. Kwamitin da bai raba waɗannan biyu ba, ko dai ya zauna jiran magajin gari ya share masa ƙofar gida, ko ya ɗauko aikin miliyoyi da kuɗin adashe.

Kafin a kira taro, ku tantance wane ruwa ne yake cin ku. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Akwai jan ruwan Agusta da Satumba wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal suke kawowa daga wajen Burkina Faso, akwai kuma cikar da ke tasowa daga ƙasar Gine ta iso Yamai cikin sanyi. Na farkon shi ya yi ɓarna a 2010 da 2012 da 2020. A Satumbar 2020 ma'aunin kogi ya kai wajen santimita 700, alhali jan gargaɗi yana farawa daga 620, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Saga. Idan irin wannan ne naku, aikin kwamiti shi ne bin sanarwar hukuma, da sanin gidajen tsofaffi da marasa lafiya, da shirya inda za a kai mutane da kaya. Shebur da baro ba sa tare kogi. Amma yadda ka kwatanta, naku ruwan sama ne da ya rasa hanya, kuma wannan mutanen layi suna da abin yi a kansa sosai.

Ku yi lissafin nan a gaban jama'a, domin yana sauya yadda suke kallon lamarin. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai murabba'in mita 300, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, ya karɓi lita 15,000, wato tano 75 na lita 200. Gida 40 sun karɓi lita 600,000, ban da abin da ya sauka a kan hanyar kanta. A da ƙasa tana shanye kaso mai yawa. Yau rufin kwano ne, tsakar gida siminti, kowa ya huda bango ya tura nasa waje. Daga nan sai a shiga abin da ya fi komai ɓata zumunci a layi: wannan ya sayo jar ƙasa ya ɗaga ƙofarsa, ruwa ya koma gidan maƙwabci, shi ma ya ɗaga tasa fiye da haka, a ƙarshe ruwan duka ya taru a gidan wanda ba shi da kuɗin kamyo, kuma sau da yawa gidan nasa na ƙasa ne. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa, ruwan da ya kwana biyu a jikinsa ya isa ya kayar da shi. Saboda haka doka ta farko da layi zai amince da ita: ba wanda zai zuba ƙasa a hanya sai an auna tare.

Awon ba ya buƙatar injiniya a matakin farko. Da zarar ruwa ya ɗauke, mutum uku ko huɗu su bi layin da fenti, su ja layi a bango inda ruwa ya kai, su ɗauki hoto da salula, su zana a babbar takarda inda yake shigowa, inda yake kwanciya, da kwana nawa yake yi kafin ya ƙafe. Duk kududdufin da ya wuce mako guda gidan sauro ne, domin a zafin damina ƙwai yana zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Gangara kuma ana auna ta da siririn tiyon ruwa mai haske irin na magina: a kafa turaku kowace mita 10, a daidaita ruwan tiyon tsakanin turke da turke, a rubuta bambancin. Magudana tana son gangarar rabin santimita zuwa santimita ɗaya a kowace mita. Ƙasa da haka yashi zai kwanta, fiye da haka sosai a ƙasa mai yashi ruwan zai ci hanya ya yi kwazazzabo. Tambayar da ta fi duka muhimmanci ita ce ina ruwan zai je idan ya bar layinku. Idan amsar ita ce layin da ke ƙasanku, to ku je ku zauna da su tun yanzu, don ba ku magance komai ba, kun dai aika musu.

Sai maganar mutane, wadda ita ce ainihin tambayarka. Taron da ake kira bayan isha'i a ƙofar masallaci, masu gida maza ne suke zuwa, su kuwa ba su ne ke shara ba, ba su ne ke zubar da ruwan wanki ba. Mata ne suka san ranar da kwandon shara yake cika, su ne ke aiken yaro ya zubar, su ne za su fitar da kuɗin wata daga cefane idan maigida ya yi tafiya. A yi musu nasu zama a cikin gida, da hantsi ko bayan la'asar, ta hanyar ƙungiyar adashe ko foyandi da suke da ita, kuma abin da suka yanke ya shiga takarda daidai da na maza. Ƴan haya su ma ana mantawa da su, alhali a layuka da yawa sun fi masu gida yawa, gida ɗaya yana iya ɗaukar iyali biyar ko shida. Ƙa'idar da ke hana gardama ita ce: kuɗin kwasar shara na mai tukunya ne, ko ɗan haya ko mai gida, kuɗin gini irin gologo, wato ramin shanye ruwan wanka, ko murfin kanibo na mai fili ne, ko da yana zaune a wata unguwa. Taro kuma a yi shi da Zabarmanci da Hausa, a samu mai fassara wa wanda ba ya jin ɗaya daga ciki. Faransanci na takardar da za a kai ofis ne. Da zarar masu boko suka juya harshe a tsakiyar taro, rabin mutane sun tashi ko da suna zaune.

Matasan fada suna da ƙarfi, suna kwana a layin, sun san wanda ke zubar da shara da ƙarfe biyun dare. Manya sukan tuna zamanin samariya na mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da sarkin samari zai yi kira a fito a share gari ko a gina aji. Gaskiya an yi aiki, amma da ƙarfin hukuma a bayansa, kuma ba za ku iya dawo da wannan da roƙo ba. Matashin da ba shi da aikin yi zai fito gayya sau ɗaya, sau biyu, na uku zai ce me zan samu, kuma yana da gaskiya. Ku ba su aikin da ake biya, wato kwasar shara gida-gida, ku ba su kujera mai ƙuri'a a cikin kwamiti.

Kwamitin kansa kada ya wuce mutum bakwai: shugaba, magatakarda, ma'aji, masu binciken kuɗi biyu, da wakilan aiki biyu, da mata aƙalla uku a ciki. Wa'adi shekara ɗaya. Zaɓen kuma a yi shi a ɓoye, ko da da tsakuwa da ƙwarya ne a bayan zana. Wannan darasi na gida ne: shirin makaranta don kowa da aka fara a jihar Tawa a 2004 tare da hukumar JICA ta Japan, wanda ya farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES, ya dogara ne a kan zaɓen asiri, da tsarin aikin shekara da jama'a suka amince da shi, da bayar da bayani a bainar jama'a. Idan aka ce a ɗaga hannu, ba wanda zai ƙi Alhajin da ke ba shi bashi, ko da kowa ya san Alhaji ba shi da lokacin aikin. Mai unguwa da liman a sanar da su tun kafin kowa, a nemi albarkarsu, a ba su matsayin iyaye masu sasanci. Kada a ɗora musu ajiyar kuɗi. Ba don rashin amana ba, sai don ba a iya tambayar mai unguwa rasit a gaban mutane, kuma duk wanda ba a iya tambayarsa bai kamata ya riƙe asusu ba. Haka nan duk mai neman wani muƙami da sunan layin, ya taimaka daga waje.

Kuɗi shi ya kashe kwamitinku na farko, kuma yawanci ba sata ce ke kashe irinsa ba, zato ne. Mutum ya biya wata uku, bai ga takarda ba, bai ji lissafi ba, sai ya ga ma'aji da sabon babur. Ku ari tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya samo asali a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu ƙasashe da dama: akwati mai makulli uku a hannun mutum uku, mai ajiyar akwatin ba ya riƙe ko ɗaya, ba a buɗewa sai a gaban taro, a ƙirga da murya. Kowane biya da rasit mai kwafi biyu. Ƙarshen wata a rubuta abin da ya shiga, abin da ya fita da abin da ya rage a allo ko a bangon da aka amince, a ɗauki hotonsa a tura a zauren WhatsApp na layin. A littafi a rubuta da sefa, a baki a karanta da dala, don idan aka ce "ɗari", dattijo ya ji dala ɗari, wato sefa 500, ɗan makaranta kuma ya rubuta 100. Kuma kada a karɓi ko dala ɗaya kafin a faɗi abin da za a saya da ranar da za a gan shi.

Kasafin ku gina shi a kan waɗanda za su biya da gaske. Misali kawai: iyali 60, kowanne jika ɗaya a wata, a takarda sefa 60,000 ke nan. Ku lissafa kamar bakwai cikin goma ne za su biya, 42,000, ku tsara albashin masu kwasa da gyaran amalanke da abincin jaki a cikin wannan, ku ware kashi ɗaya cikin goma don taya da gatari ranar da suka lalace. Gwauruwa mai marayu da tsohon da ba shi da mai taimako, taro ya yafe musu a fili, a rubuta. Wanda yake da hali ya ƙi biya, a daina ɗaukar shararsa, a aika masa dattawa biyu, amma kada a karanta sunansa a lasifika. Wanda aka kunyata ba ya dawowa, kuma yana jan mutum biyar.

A jerin aiki, shara ce gaba da kanibo. Mutane ba don mugunta suke zuba shara a magudana ba, ba su da inda za su kai ne, wasu ma suna jiran hadari ya haɗu su fito da ita ruwa ya tafi da ita. Idan kuka yashe kanibo ba ku samar da mai kwasa ba, cikin wata biyu ya koma yadda yake, mutane kuma su ce gayya ba ta da amfani. Kwasa sau biyu ko uku a mako, a ranaku sanannu da ba sa sauyawa. Wani abu da ake raina shi: kusan rabin nauyin sharar gidajen Yamai, ko fiye, yashi ne da tsintsiya ta tattaro. Idan kowane gida ya tankaɗe shararsa da rariyar waya ya mayar da yashin tsakar gida, nauyin amalanke ya ragu, jaki ya huta, yawan zuwa juji ya ragu. Leda a tara ta a buhu daban, kada a ƙona, hayaƙinta yana cutar da ƙirji musamman na yara. Akwai dokar 2014 da ta hana shigo da ledar nan mara kauri da sayar da ita, amma kowa yana ganin abin da ke kasuwa, don haka abin da ke hannunku shi ne ku roƙi masu shago da masu tuwo na layin su ajiye buhun tarawa. Tun kafin amalanke ya fara aiki, ku samu amincewar komin, wato ƙaramar hukumar yankinku, a rubuce game da wurin da zai riƙa juyewa. In ba haka ba zai juye a kangon fili ko a kwarin Gunti Yena, ku zama kun biya kuɗi an mayar da shararku hanyar ruwa.

Yasar kanibo aikin Afrilu da Mayu ne, lokacin da abin da ke ciki ya bushe. Ana farawa daga ƙasa, inda ruwa yake fita, a hau sama. Wanda ya fara daga sama ya buɗe wa ruwa hanya zuwa wurin da yake toshe. Ku auna aikin kafin ku kira mutane: kanibo mai faɗin santimita 60, da yashi ya kai zurfin 40, a tsawon mita 200, ya tara kubik 48. Baro yana ɗaukar wajen lita 70, kusan baro 700 ke nan, kamyo mai kubik 8 kuma zai yi sawu shida. Wannan ba aikin safiya ɗaya ba ne. Ku yanka shi mita 50-50, kowace Asabar ko Lahadi yanki ɗaya, daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma kafin rana ta yi zafi, a tashi an ga ƙarshen abin da aka ɗauka. Kuskuren da ake maimaitawa ko'ina a birnin nan shi ne a tara abin da aka yaso a bakin kanibo a tafi. Awaki da yara da iska su baza shi, ruwan farko ya mayar da shi ciki. Kada a sa ranar yasa sai an tabbatar da ranar mota, tsakaninsu kada ya wuce kwana biyu.

A kula da lafiyar masu aikin. Takalmin roba mai tsawo, safar hannu mai kauri, abin rufe hanci, sabulu da ruwa a wurin. Akwai fasassun kwalabe da allurai da tsatsattsen ƙarfe a ciki, wanda ya yanke a wanke a kai shi likita a duba maganar rigakafin tetanus. Yara ba sa shiga. Rufaffen kanibo mai zurfi kuwa ba wanda zai sa kansa ciki, iskar da ke taruwa a irinsa tana sumar da mutum kafin ya yi kira. A ɗaga murafu a yi aiki daga sama, abin da ya gagara a bar wa ma'aikatan hukuma. Idan za a haƙa sabuwar hanya, a tambayi kamfanin ruwa NDE da na lantarki NIGELEC inda bututu da waya suka bi.

Ruwan wanka da na wanki shi ke sa layi ya yi ɗoyi har cikin rani, maganinsa kuma gologo ne a kowane gida. Rami mai faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a cika da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da siminti. Kafin ruwan ya shiga, ya bi ta ƙaramin akwatin siminti da ke tare yashi da maiƙo, a riƙa kwashe shi duk mako. Rashin akwatin nan ne yake sa gologo ya toshe cikin shekara ɗaya. A nisanta shi da rijiya aƙalla mita 15, a ja shi daga gindin bango, kada a haɗa shi da masai. Inda ruwan ƙasa yake kusa, kamar gefen kogi da cikin kwari, rami ba zai sha ba, a nemi shawarar sashen tsabta na komin kafin a kashe kuɗi.

Yanzu hukuma. Yamai tana da komin biyar a ƙarƙashin babbar ma'aikatar magajin gari, ta biyar ita ce ta Harobanda. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, dokar 2010 ta fayyace ayyukansu, tsabta da hanyoyin cikin gari suna ciki. Tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa aka naɗa kantomomi, don haka babu kansilan unguwa da za ku bi ta hannunsa, amma ma'aikatan sashen tsabta da na hanyoyi suna nan, kuma su ne suka san inda mota take da ranar da take da mai. Ku fara da su. Takarda shafi ɗaya da Faransanci, da sa hannun mai unguwa, ɗauke da sunan layi, yawan gidaje, zanen da kuka yi, hotuna huɗu ko biyar, abin da kuka riga kuka yi da kuɗinku, sannan buƙata ɗaya tak mai adadi da rana: kamyo sawu shida a mako na biyu na Mayu, ko izinin wurin juye shara. Kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naku ku dawo da shi. Bayan kwana goma mutum biyu su koma, kuma kullum su biyun nan, don ma'aikaci ya san fuska. Jami'in da ake kawo wa kuka ɗari a rana, idan ya ga mutanen da suka yi rabin aiki suna neman cikon rabi, ya samu abin da zai nuna wa na gaba da shi. Idan aka ce akwai mota babu mai, taro ya yanke ko za a saya, a karɓi rasit daga gidan mai, kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu.

Babban aiki irin sabon kanibo na siminti ko shimfiɗa tubalan pabe a kan hanya sai ya shiga kasafin kuɗi, shekarar kasafi kuma daga Janairu take zuwa Disamba, ana shirya ta a watannin ƙarshen shekara. Buƙatar da aka kai a Yuli ana tsakiyar ruwa ta makara. Ku kai ta a Satumba ko Oktoba da hotunan daminar da ta wuce, ku nemi a sa ta cikin tsarin raya komin na shekara biyar da ake kira PDC da shirin zuba jari na shekara. A nan ne haɗuwar layuka take amfani: layi goma da kowanne yake da littafin kuɗi mai tsabta, idan suka sa hannu a takarda ɗaya, maganarsu ta fi ta mutum ɗari da suka zo da hayaniya. Rajistar ƙungiya a ƙarƙashin dokar 1984 a lokacin take da ma'ana, domin da ita ake buɗe asusun banki a kuma sa hannu a yarjejeniya. Kada ku fara da ita. Ƙungiyoyi da yawa sun ƙare ƙarfinsu a rubuta dokoki da buga hatimi ba su kwashe ko baro ɗaya ba.

Idan shara da ruwa suka daidaita, mutane da kansu za su kawo maganar itatuwa da fitila da wurin wasan yara. Itace dai kowa yana dasawa ranar 3 ga Agusta, kaɗan ne suke kai wa Mayu, don damina saura mako shida ko bakwai a lokacin. Rami santimita 50 kowane gefe da taki, tazarar mita 6 zuwa 8 idan dogon yaro ne, nesa da bango mita uku, ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba, da kariya daga awaki, kuma kowane itace da sunan gidan da zai ba shi ruwa rani biyu. Ruwan alwala da na ɗauraya ya ishe shi. Filin da aka ware wa jama'a a taswirar unguwa, ku nemi kwafin taswirar ku san iyakarsa ku dasa masa itatuwa a gefe. Dajin da aka fara dasawa kewayen Yamai a 1965 ya nuna yadda fili marar mai tsaro yake ƙarewa, gefe-gefe, gini bayan gini.

Kwamitinku na biyu ya mutu don an daina zuwa taro, kuma mutane suna daina zuwa ne idan taro ya yi tsawo ba a yanke komai ba. Sau ɗaya a wata ya isa, awa ɗaya, abu uku: lissafin kuɗi, abin da aka ce za a yi an yi ko ba a yi ba, da aikin wata mai zuwa da sunan mai yi. Idan ka ga mutum ɗaya ne yake karɓar kuɗi, yake rubuta takarda, yake zuwa komin, ko da kai ne, a raba aikin a makon nan, domin ranar da ya yi tafiya komai zai tsaya. Ga waɗanda kuɗinsu ya maƙale a kwamitin farko, kada a yi kamar ba a yi ba. A taron farko a faɗi abin da aka sani na lissafin, a nemi afuwa a kan abin da ba a iya ganowa, a nuna akwati da makullansa uku. Sannan ku ɗauki wata uku na kwasar shara kawai a layi ɗaya, daga Janairu zuwa Maris, ku yi yasa a Afrilu da Mayu, ku auna ruwa a Agusta, ku kai takardar babban aiki a Oktoba.